Darasi na 14: Ƙara wa Tsohuwar Kwamfuta Sauri

A wannan darasi za ku karanta bayani a kan yadda ake farfaɗo da kwamfutar da ta kwana biyu har ta fara nawa. Za ku haɗu da kalmomin da masu gyara suke amfani da su a kasuwa, sannan ku ga yadda aikatau guda ɗaya yake sauya wasalinsa na ƙarshe, ma'ana ta sauya. Ku karanta bayanin sau biyu, da farko a zuci, sannan a bayyane.

Karatu

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da yake neman gurbin karatu a jami'a a Nijeriya, a kan kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB. Hukumar ta fara gwada wannan tsari a 2013, bayan shekara biyu kuma ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya. Ke nan ku ma ranarku tana tafe. Za ku zauna gaban allo, agogo yana ƙirga mintoci a gefe guda, babu mai jiran ku. Ɗalibin da hannunsa bai saba da kwamfuta ba yakan ɓata lokaci wajen lalube, ko da kuwa ya san amsa. Shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaure ciki su sayi kwamfuta, ko su karɓo wadda wani ɗan'uwa ya daina amfani da ita, domin yara su riƙa gwaji a gida.

Mu ɗauki unguwar Fadaman Mada a cikin garin Bauchi. Idan kuka leƙa gidajen ma'aikata da malamai, ko ɗakunan ɗalibai, ko shagunan da ake buga takardu, za ku ga kwamfutoci, amma da wuya ku tarar da sabuwa dal. Yawancinsu na hannu ne. Sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, aka yi gwanjonsu, suka sauka a Legas, suka bi ta babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan motoci suka kawo su Arewa. Irin wannan kaya shi ake kira kwatano ko tokumbo.

Kwamfuta 'yar kwatano takan iso da sauran ƙarfinta, domin an ƙera ta ne don aikin ofis na shekara da shekaru. Sai dai manhajojin yau sun fi na jiya nauyi. Ku kunna ta, ku je ku sha ruwa ku dawo, ba ta gama farkawa ba. Ku buɗe shafi uku ko huɗu a intanet, ta sandare. A nan ne masu ba da shawara suke yawa. Wani ya ce a jefar a sayi sabuwa, alhali kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin gidan. Wani ya ce a sa mata katin hoto, don ya ji masu wasannin kwamfuta suna yabonsa. Kafin ku bi kowace shawara, ku sani kwamfuta gaɓoɓi ce da dama, kuma yawanci gaɓa ɗaya ce take jan ƙafa ta riƙe sauran. Kuɗin da aka kashe a kan wata gaɓa daban ya tafi a banza.

Shagon tela

Domin ku gane waɗannan gaɓoɓi, ku tuna da shagon tela ana saura mako guda salla. Akwai tela da kekensa. Akwai teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka. Akwai sito a bayan shago, inda aka jibge yadudduka da ɗinkunan da aka gama. Wani shagon kuma yana da mai surfani, wanda aikinsa kawai yi wa wuyan riga ado.

Tela shi ne masarrafi, wato ɗan ƙaramin guntun da yake yin dukkan lissafi. Masu gyara suna ce masa furosesa. Sito shi ne rumbun ajiya, inda hotunanku da takardunku da manhajoji suke kwana ko da an kashe kwamfuta. Tebur shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda a kasuwa ake kira ram. Duk abin da kuka buɗe, sai an ɗauko shi daga rumbu an shimfiɗa a kan wannan tebur kafin masarrafi ya taɓa shi. Da an ɗauke wuta, an share teburin tas, shi ya sa wasiƙar da kuka rubuta ba ku adana ba take ɓacewa. Mai surfani kuwa shi ne katin hoto, wanda yake zana abin da kuke gani a allo.

To, yaya ke nan idan tebur ƙarami ne, ɗinki kuma ya yi yawa? Dole tela ya naɗe wani yadi ya kai sito, ya ɗauko wani, jim kaɗan ya sake komawa. Rabin yininsa ya ƙare a zirga-zirga, keke yana zaune. Haka kwamfuta take yi idan ƙwaƙwalwar aiki ta cika: sai ta ari wuri a cikin rumbu, tana kai kaya tana dawo da su, rumbu kuwa ya fi ƙwaƙwalwa nawa nesa ba kusa ba. Ku lura, telan nan ba rago ba ne, kekensa ma lafiya lau. Ko an kawo masa mai surfani, babu abin da zai sauya. Tebur yake buƙata.

Ku tambayi kwamfutar

Ba sai kun yi duba ba, kwamfuta da kanta za ta gaya muku inda yake yi mata ciwo. Idan Windows ce a kanta, ku buɗe duk abubuwan da kuka saba aiki da su, sannan ku danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a lokaci ɗaya. Wata manhaja mai suna Task Manager za ta fito. A cikinta za ku ga kowace gaɓa da yawan aikin da take yi, kashi nawa cikin ɗari. Inda aka rubuta CPU, masarrafi ake nufi. Memory ita ce ƙwaƙwalwar aiki. Disk shi ne rumbu. Idan ƙwaƙwalwa tana kan kashi 85 ko 90 kullum, teburin ya yi kaɗan. Idan rumbu ne ya maƙale a kan kashi 100 alhali ƙwaƙwalwa tana da sauran wuri, to rumbun ne ya gaji. Idan kuwa masarrafi ne yake haki ba tare da kun ba shi wani aikin kirki ba, ku zargi zafi, ko wata muguwar manhaja da ta ɓuya tana cin ƙarfinsa.

Maganar zafi ba ƙarama ba ce a Bauchi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, har cikin fankar kwamfuta, ta dunƙule ta toshe hanyar iska. Da Maris da Afrilu suka zo, zafin rana ya doshi digiri 40, sai masarrafi ya rasa inda zai fitar da nasa zafin. An ƙera shi ne yadda idan ya yi zafi ainun zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa, ƙura ce kawai ta shaƙe su. A buɗe, a kakkaɓe fanka, a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo, a kashe manhajojin da suke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna. Wannan magani ba ya cin ko kwabo, don haka da shi ake farawa.

Ƙwaƙwalwar aiki

Ana auna ƙwaƙwalwa da gigabait, wanda 'yan kasuwa suke taƙaitawa su ce giga. Tsofaffin kwamfutoci sukan zo da giga 2 ko 4. Windows kaɗai tana cinye kaso mai tsoka na wannan kafin ku buɗe komai. A ganina, giga 8 ya ishi ɗalibi: zai yi gwajin jarrabawa, ya buga takarda, ya buɗe shafuka da dama a intanet, ba tare da kwamfuta ta yi gardama ba. Giga 16 na mai tace bidiyo ne ko mai zane-zane.

Ram yana zuwa ne a guntaye, kowanne kamar ƙaramar rula, da layin haƙora masu ruwan zinariya a ƙasa. Ana cusa shi cikin gurbinsa a jikin babban allon kwamfuta. Wurin da ake yawan tafka asara shi ne wajen saye, domin ram iri-iri ne, kuma wani ba ya shiga gurbin wani. Irin da ake kira DDR3 ya fito a 2007, DDR4 ya biyo baya a 2014, yanzu kuma ana kan DDR5. Na kwamfutar tebur ya fi na laftof tsawo. DDR3 na tebur haƙori 240 gare shi, na laftof 204. DDR4 na tebur 288, na laftof 260. Ba sai kun zauna ƙirga haƙora ba. A cikin layin haƙoran akwai giɓi guda ɗaya, kuma wurin giɓin ya bambanta daga iri zuwa iri. Da gangan masu ƙira suka yi haka don kada a sa wani a gurbin wani. Idan guntu ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba, ba nasa wurin ba ne.

Akwai kuma wani tarko da giɓi ba ya kare ku daga gare shi. DDR3 kansa kashi biyu ne: na asali yana aiki da bolt 1.5, wanda ake kira DDR3L kuma da bolt 1.35. Giɓinsu ɗaya, dukansu suna shiga gurbi ɗaya, amma laftof da yawa da aka ƙera daga 2013 ba sa karɓar na farkon. Ku duba 'yar takardar da aka manna a jikin guntun da yake cikin kwamfutarku. Idan an rubuta PC3L, ku nemi PC3L. Idan PC3 ne ko PC4, haka nan. Mafi sauƙi, ku ɗauki hoton takardar da waya, ko ku tafi kasuwa da kwamfutar gaba ɗaya.

Sauran tambayoyi biyu. Ta farko, gurbi nawa ne a cikin kwamfutar, kuma giga nawa za ta iya ɗauka? Kowane babban allo yana da iyaka, wasu sirantattun laftof ma an liƙe ƙwaƙwalwarsu da dalma, ba a cirewa ba a ƙarawa. Ana samun amsar ta hanyar neman lambar samfurin kwamfutar a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ta biyu, wace irin Windows ce a kanta, mai bit 32 ko mai bit 64? Mai bit 32 ba ta iya ƙirga abin da ya wuce giga 4, a aikace ma ba ta kai nan. Ko giga 8 kuka sa mata, fiye da rabi zai zauna a banza har sai an sauya ta da mai bit 64.

Idan gurbi biyu ne, guntu biyu masu girma ɗaya sun fi guntu ɗaya babba. Giga 4 sau biyu ya fi giga 8 guda ɗaya sauri, domin masarrafi yana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda, kamar randar da ake cikawa da guga biyu.

Rumbu

Tsohon rumbu faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai kai-komo yana neman inda aka ajiye kaya. Sabon iri, wanda ake kira SSD, babu abin da yake motsi a cikinsa. Tsohon rumbun laftof yakan karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa kamar 500, kuma wajen nemo ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nisa. Sau da yawa wannan canji ɗaya ya fi kowane canji fitowa fili: kwamfutar da take shafe mintoci kafin ta farka sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi. Kafin a taɓa rumbu, ku kwafe duk abin da ba ku so ku rasa zuwa filash ko wani wuri. Tsohon rumbun ma kada ku sayar da shi da hotunan gida da takardun mahaifinku a ciki. Ana sa shi cikin 'yar kwalinsa ta musamman ya zama ma'ajiyar waje.

Katin hoto

Yanzu mu zo kan mai surfani. Shi ne ya fi kowa suna, shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ɗalibi ya fi ƙarancin buƙata. Kusan kowace kwamfutar ofis tana da ɗan sashen zana hoto a cikin masarrafinta ko a jikin babban allo. Wannan ya isa karatu da rubutu da kallon bidiyo da gwajin jarrabawa. Tambayoyin JAMB rubutu ne da 'yan zane-zane, ba su san da katin hoto ba. Wannan sashe na ciki ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, daga ta kwamfuta yake ara. Saboda haka idan kuka ƙara ram, musamman guntu biyu masu girma ɗaya, hoto ma yakan ɗan ƙara kyau da sauri. Kun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Wa yake buƙatar kati na daban? Ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da yake juya gini ta kowace fuska a allo. Mai ɗaukar bidiyon biki da yake tace aikin sa'o'i. Mai wasannin zamani masu nauyi. Idan kuna cikin waɗannan, to ku saurara da kyau.

Da farko, a laftof kusan ba a canza katin hoto, domin a liƙe yake. Duk wanda ya ce zai sa muku sabo a laftof, ku nemi ra'ayin wani kafin ku miƙa kuɗi. A kwamfutar tebur ne ake da dogon gurbi da aka tanada don kati. Wannan gurbi yana ba da wutar da ba ta wuce wat 75 ba. Katin da ya fi haka ci, sai an ja masa waya ta daban daga tukunyar wutar kwamfuta. Ga inda gizo yake saƙa: ƙananan kwamfutocin ofis da suka cika kasuwanninmu, tukunyarsu takan tsaya a wat ɗari biyu da 'yan kai, kuma da yawa ba su da wannan waya. Akwatinsu ma siriri ne, babban kati ba ya shiga. Idan aka tilasta, kwamfuta za ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki, ko tukunyar ta ƙone. Abin da ya dace da su shi ne gajeren kati mai ƙaramin ci, irin GeForce GT 1030 da ya fito a 2017, wanda wat 30 kawai yake ja.

Sannan ku yi lissafin wuta. Babban kati shi kaɗai yana iya jan wat 200 ko fiye. A gidan da ake sayen wuta da kati, ko ake dogaro da ƙaramin janareta ko hasken rana, wannan kashe kuɗi ne na kullum, ba na rana ɗaya ba. Ƙari a kan haka, kati mai ƙarfi a kan tsohon masarrafi kamar ƙwararren mai surfani ne a shagon telan da yake gama riga ɗaya a yini; zama zai yi yana jira.

Idan za a buɗe

Kun taɓa cire rigar sanyi da dare lokacin hunturu kuka ji ƙas-ƙas, ko kuka taɓa ƙofar mota ta ja ku? Wannan lantarki ne da yake taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe. Ku ba ya yi muku komai, amma ko wanda bai kai ku ji shi ba yana iya lalata guntun ram. Kada garin neman gira a rasa ido. A kashe kwamfuta, a zare waya daga bango, a cire batir idan yana ciruwa, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wuta ta fita. Ku taɓa wani ƙarfe kafin ku taɓa cikinta. Ku riƙe guntun ta gefensa, kada yatsa ya hau haƙora. A laftof ana sa shi a karkace, giɓi ya dace da ɗan tudun da yake cikin gurbi, sannan a danna shi ƙasa a hankali har maƙallan gefe biyu su ce ƙat. Idan kun kunna allo ya ƙi kawowa, ko kwamfuta ta yi ta ƙara, kada ku firgita. Yawanci guntun ne bai zauna daidai ba. Ku kashe, ku cire, ku sake sawa. Karon farko dai ya fi kyau ku yi a gaban wanda ya iya, kuma da izinin mai kwamfutar.

Gyara yana da iyaka. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 da ta gaje ta tana neman aƙalla giga 4 na ƙwaƙwalwa da giga 64 na rumbu, amma tana kuma neman wani guntun tsaro da masarrafi na baya-bayan nan, galibi daga ƙirar 2017 zuwa sama. Ƙarin ram ba ya cike wannan sharaɗi. Kwamfutar da ta gaza tana iya ci gaba da aiki da babbar manhaja ta kyauta irin su Linux Mint, amma ku fara tabbatarwa manhajar gwajinku tana aiki a kanta. Idan kuma kuka haɗa kuɗin ram da rumbu da kati kuka ga ya kusa kai wa kuɗin wata kwamfutar ta hannu da ta fi taku ƙuruciya, to ku tsaya ku sake shawara da iyayenku.

Tattaunawa a shagon gyara

Ɗaliba: Sannu da aiki, Malam.

Mai gyara: Yawwa, sannu 'yata. Me aka kawo mana?

Ɗaliba: Laftof ɗin yayana ce ya bar mini. Nawa take yi sosai. Wata ƙawata ta ce katin hoto za a sa mata.

Mai gyara: Wane aiki kike yi da ita?

Ɗaliba: Gwajin jarrabawa, sai buga takardun makaranta.

Mai gyara: To, ai ba ruwanki da katin hoto. Wannan ma ba a sa mata. Kin duba giga nawa ne ram ɗinta?

Ɗaliba: Na duba, Malam. Giga 4 ne, guntu ɗaya, kuma an rubuta PC3L a jikinsa. Ɗaya gurbin babu komai.

Mai gyara: Madalla, kin rage mini aiki. Ga wani nan irinsa.

Ɗaliba: Nawa ne kuɗinsa?

Mai gyara: Wannan nawa ne, na gwaji, ba na sayarwa ba. Bari mu sa mu gani. Idan ta karɓa, sai in ɗauko miki wani mu yi ciniki.

Ɗaliba: Don Allah, Malam, a gwada wanda zan saya ɗin ma a gabana. Baba ya ce kada in biya sai na ga ta nuna giga 8.

Mai gyara: Babanki ya yi gaskiya. Zauna ga kujera nan.

Nazarin kalmomi

Kun ga kalmar nawa da ma'ana uku a cikin tattaunawar. A rubuce iri ɗaya ne, a baki kuwa daban-daban. Nawa ta tambaya, kamar a "giga nawa?", wasulanta biyu gajeru ne. Nawa ta mallaka, kamar a "wannan nawa ne", wasalinta na farko dogo ne. Nawa mai nufin rashin sauri kuwa, wasalinta na ƙarshe ne dogo. Ita ce a cikin karin maganar nan, sauri ya haifi nawa. Karin sautinsu ma ya bambanta, don haka ku saurari malaminku ku maimaita.

Rumbu asalinsa ɗakin ajiye hatsi ne. Giɓi shi ne wurin da haƙori ya fita. Gurbi wuri ne da aka tanada don wani abu ya zauna, shi ya sa ake cewa gurbin karatu, ake kuma cewa gurbin ram. Jan ƙafa yana nufin jinkiri. Ku lura da yadda Hausa take ɗauko tsohuwar kalma daga gona ko jikin mutum ta ba sabon abu.

Nahawu

Ku dubi aikatau saya a cikin waɗannan jimloli. Na saya. Na sayi ram. Na saye shi. Idan babu karɓau, wasalin ƙarshe a ne. Idan karɓau suna ne, sai ya koma i. Idan wakilin suna ne, ya koma e. Haka ɗauka da karɓa da tambaya suke yi: na karɓa, na karɓi kuɗi, na karɓe su. Idan aka ce na sayo ram daga Kano, wasalin o yana nuna an yi aikin a can an taho nan. Idan aka ce na sayar da tsohon rumbu, kaya ya bar hannuna ke nan. Haka kuma ƙara: mun ƙara ƙwaƙwalwa, sauri ya ƙaru, a ƙaro mana wani guntu. Amma ku yi hattara da ƙare, domin kuɗi ya ƙaru da kuɗi ya ƙare ba labari ɗaya ba ne.

Wata 'yar magana a kan sunan unguwar da muka ambata. A daidaitacciyar Hausa, suna na mace mai ƙarewa da a yana ɗaukar mahaɗin r: motar malam, kwamfutar yaya, fadamar gari. Me ya sa to ake cewa Fadaman Mada? Domin a karin harshen Bauchi, kamar na Zariya, ana yawan amfani da n ga namiji da mace duka, har ku ji an ce motan malam. Sunan wuri ana barin sa yadda masu wurin suke faɗa. A takardar jarrabawa kuwa, ku rubuta motar malam.

Aiki

1. A wace shekara hukumar JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta baki ɗaya?

2. Ku bayyana da kalmominku abin da yake faruwa idan ƙwaƙwalwar aiki ta cika. Kada ku yi amfani da misalin tela. Ku nemo naku daga kicin ko kasuwa ko gona.

3. Ku kawo dalilai biyu da suka sa babban katin hoto bai dace da ƙaramar kwamfutar ofis ba.

4. Ku cike gurbi da siffar aikatau da ta dace: Ɗaliba ta ______ mai gyara. Ta ______ shi sau biyu. Yi amfani da tambaya.

5. Ku gyara waɗannan zuwa daidaitacciyar Hausa: rigan Binta, fankan kwamfuta, kasuwan Wunti.

6. Ku biyu-biyu, ku sake yin tattaunawar a gaban aji. A wannan karon mai zuwa shago ɗalibin zanen gine-gine ne, kuma kwamfutar tebur ya kawo.

7. Aikin gida: ku nemi izini ku buɗe Task Manager a wata kwamfuta ta gida ko ta makaranta. Ku rubuta kashi nawa masarrafi da ƙwaƙwalwa da rumbu suke nunawa, sannan ku rubuta wa mai kwamfutar wasiƙa ta jimla goma, kuna gaya masa gaɓar da ya kamata ya fara dubawa da dalilinku.